Ma'anar Kalma: "Daw" ɗin da ke wutsiyar Tatmadaw

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2021 da Janar Min Aung Hlaing ya kifar da gwamnatin Aung San Suu Kyi, kalmar Tatmadaw ta zauna a bakin masu labaran duniya. Kowa ya san sojojin Myanmar ake nufi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gaɓar ƙarshe, "daw", da yadda ake jefa ta ba a san nauyinta ba.

Bahaushe in ya ga "daw" sai ya ce "dau", alhali "do" ce mai ja, baki a buɗe. "T" ɗin ƙarshen "tat" kuma ba a faɗinsa, maƙogwaro ne ke ɗan tsayawa kamar a "sa'a". Ta'mado ke nan, furucin da bai kamata ya gagari harshenmu ba.

Na sha jin masu sharhi na haɗa ta da "Daw" ɗin da ake sa wa Suu Kyi a gaban suna. Kunne ne ya haɗa su, a rubutun Burma, wato Myanmar, daban suke. Ta Suu Kyi, ဒေါ်, girmamawa ce ga babbar mace, kamar mu ce Gwaggo, kuma ta maza ita ce "U", irin ta U Thant da ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1961 zuwa 1971. Ta sojoji kuwa တော် ce, asalin furucinta "to", maƙwabtaka da wasu sautuka ke mayar da ita "do". Idan tana tsaye ita kaɗai tana nufin dacewa, ko hazaƙa, ko dangantakar jini, har ma "to bi" na nufin "ya isa haka". Amma da zarar ta manne a wutsiyar suna, ta koma tambarin fada da tsarki: abin na sarki ne, ko na addini.

Shi ya sa babban malamin Buddha yake Sayadaw. Hluttaw, majalisar dokoki, sunan majalisar fadawan sarki ta gada. Naypyidaw, birnin da sojoji suka gina suka tare a 2005, ma'anarsa mazaunin sarki, a ƙasar da Turawan Ingila suka kwashe sarkinta na ƙarshe, Thibaw, zuwa Indiya tun 1885.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne "ni". Namiji a Burma in zai ambaci kansa cikin ladabi, "cundo" yake cewa, ko "cano" a saurin magana, wato bawan sarki. Direba, likita, ɗalibi, kowa da safe ya buɗe baki sai ya kira kansa bawan fadar da ta rushe fiye da shekara 130. A bakinsa kalmar ƙasƙantar da kai ce. A Tatmadaw kuwa ɗaukaka kai ce: "tat" runduna, "ma" babba, "daw" mai alfarma. Gaɓa ɗaya, talaka ya durƙusa da ita, soja ya hau karaga da ita.

Rundunar da Aung San, mahaifin Suu Kyi, ya assasa a 1941 don ƙwato 'yanci wataƙila ta cancanci kirarin a lokacin. Amma wadda ta kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangladesh a 2017, ta kuma buɗe wa masu zanga-zanga wuta a titunan Yangon da Mandalay, ban ga alfarmar da ta rage mata ba. 'Yan ƙasar da yawa sun yanke wutsiyar, suna cewa "sit-tat", rundunar yaƙi kawai. Duk mai labaran da ya ce Tatmadaw, "ranka ya daɗe" ya yi musu bai sani ba. Ni dai "sojojin Myanmar" nake rubutawa.