Ɗan Mai Aikin Ƙarfi a Cikin Zane: Tambayoyi Kan Kunyar Asali

Wannan rubutu a kan littattafan zane ne da ke ba da labarin masu aikin ƙarfi da kunyar asali da 'ya'yansu kan ji.

Wane irin littafi ake nufi?

Dogon labari ne da ake bayarwa da zane, gida-gida a kan shafi, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. Da ana ɗaukarsa abin yara. Amma tun da *Maus* na Art Spiegelman ya samu lambar yabo ta Pulitzer ta Amurka a 1992, aka daina yi masa wannan kallon, masu zane da yawa kuma suka shiga ba da tarihin gidajensu ta wannan hanya.

To kunyar me? Ai aikin ƙarfi ba sata ba ne.

Ba sata ba ne, shi ya sa abin yake da ciwo. Yaron da ya tashi a gidan lebura bai san gidansu na da wani aibi ba sai ranar da makaranta ta haɗa shi da 'ya'yan masu hali. A nan zai ji ana dariyar yadda yake magana, ya lura da takalminsa, ya fara addu'ar kada babansa ya zo ziyara da kayan aiki a jikinsa. Daga baya sai wata kunyar ta biyu ta hau kan ta farko: kunyar cewa ya taɓa jin kunyar mutanen da suka hana cikinsu don ya yi karatu. A Faransa, Annie Ernaux, wadda ta ci lambar Nobel ta adabi a 2022, ta shafe shekaru tana rubutu a kan wannan, domin iyayenta ɗan kanti da wurin shan kofi suke riƙe da shi a garin Yvetot. Ita da zallar rubutu ta yi. Masu zane sun bi ta wata ƙofar.

Wane littafi ne ya fi fito da abin fili?

A ganina *Ethel & Ernest* na Raymond Briggs, ɗan Ingila, wanda ya fito a 1998. Labarin iyayensa ne, daga haɗuwarsu a 1928 zuwa rasuwarsu a 1971. Ernest mai raba madara ne gida-gida a Landan, Ethel kuwa 'yar aiki ce a gidan masu kuɗi kafin aure. Rigimar aji a cikin ɗakinsu take. Mijin ɗan a-mutun jam'iyyar Leba ne, yana tinƙaho da zamansa ma'aikaci. Matar ko kusa ba ta son a jingina su da masu aikin ƙarfi, kullum tana gyara masa magana. Dalilinta a fili yake: ta zauna a gidan manya, ta ga yadda ake kallon irinta.

Da ɗansu ya samu shiga makarantar sakandare ta masu ƙoƙari, Ethel kamar ta zuba ruwa a ƙasa ta sha. Da ya bar ta ya koma makarantar koyon zane, hankalin iyayen ya tashi, don su aikin ofis mai albashi suke yi masa fata. Ga wani ɗan abu da ke maimaituwa a littafin: Raymond ya girma ya tara gashi irin na samarin lokacin, in ya zo gida sai uwar ta miƙo masa matsefi. Ba gashin ne damuwarta ba. Tsoronta kada a gan shi a ce ga ɗan marasa gata, bayan duk wahalar da ta sha don kada a faɗi hakan.

Me zane ke yi da rubutu ba ya yi?

Mai jin kunya ɓoyewa yake yi, shi kuwa zane dole ya nuna. Marubuci na iya cewa "gidanmu ƙarami ne" ya wuce. Mai zane sai ya zana murhun, da labulen, da hannun uban da aiki ya fafe. Kuma zane na iya yin shiru. A zana uba da ɗa a teburin abinci, gida uku a jere babu ko kalma, mai karatu ya gane cewa boko ya shiga tsakaninsu.

Duk labarin yara da iyaye ne?

A'a. Kate Beaton, 'yar tsibirin Cape Breton a gabashin Kanada, ta fitar da *Ducks* a 2022. Yankinsu kifi da kwal ne abincinsa, duka biyun suka durƙushe. Ta gama jami'a da bashin karatu a wuya, sai ta tafi wuraren haƙar mai na lardin Alberta da ke yammacin Kanada a 2005, ta yi shekara biyu. Ta zana cin zarafin da ta fuskanta a sansanonin da maza suka yi wa mata rinjaye nesa ba kusa ba, ba ta rufa wa kowa asiri ba. Amma ta ƙi yarda a mayar da ma'aikatan nan dabbobi don masu karatu na birni su ji daɗin raina su. Da yawansu tsofaffin masunta ne da mahaƙa daga irin garinta, masu irin harshen babanta. Wannan riƙon gaskiya biyu a lokaci guda shi ne abin da na fi girmamawa a littafin.

Iyayen da ake zanawa fa, an nemi yardarsu?

Nan ne gizo ke saƙa. Wanda ya yi karatu shi ke riƙe da alƙalami, kuma yawancin masu sayen littafin ba 'yan unguwarsu ba ne. Iyayen Briggs sun shekara 27 da rasuwa kafin littafinsa ya fito, ba su da ta cewa. Étienne Davodeau na Faransa ya bi wata hanya a *Les Mauvaises Gens* na 2005. Ya zauna da iyayensa, ma'aikata 'yan ƙungiyar ƙwadago a yankin Mauges, ya yi ta yi musu tambayoyi, ya zana har zaman hirar da ɗari-ɗarin da suka yi da aikin. Labarin ya tsaya a 1981, shekarar da François Mitterrand ya ci zaɓen shugaban ƙasar Faransa.