Waiwaye: Yadda Aka Fara Dirje Faifayen Badujala Kamar Tasoshi

A wani ƙauye da ke gefen Ringim na ga an fito da kayan fareti daga sito ana shirin bikin Ranar Yara ta 27 ga Mayu. Cikin kayan har da faifayen tagulla guda biyu, irin waɗanda ƴan badujala ke gwarawa, waɗanda Turawa ke kira simbal. Sun yi baƙi ƙirin, ga kore-kore a bakinsu. Kafin hantsi yara sun tsugunna da yashi da soson ƙarfe. Faifayen sun yi ƙyalli kam, amma tambarin maƙerin da ke jikin ɗaya ya kusa shafewa, kuma da aka gwara su sai amon ya fito a kaikaice, ba daɗin ji. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Ba laifin yaran ba ne, abin da suka gada ke nan. A ƙasar Kano tagulla kayan ado ce tun kaka da kakanni. Maƙeran fari su ƙera, a kai Kasuwar Kurmi, uwa ta sayo tasoshi ta jere wa ɗiyarta a ɗaki. Tasar da ta dushe abin gori ce ga matar gida, don haka ake jiƙa tsamiya, a haɗa da toka ko lemun tsami a dirje ta har mutum ya ga fuskarsa. Daga baya bariki ya ƙara nasa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka saba ganin soja da ɗan sanda suna goge maɓalli da kan bel da Brasso, man gogen da aka fara sayarwa a Ingila a 1905. To da badujala ta bar bariki ta shiga makarantu da ƙungiyoyin ƴan agaji, sai ta taho da wannan tarbiyya: duk abin da yake tagulla, a sa shi ya yi walƙiya.

Shi kuwa faifan ba don ido aka yi shi ba. Asalin mai kyaunsa daga Istanbul ne, inda wani Ba'armeniye mai suna Avedis Zildjian ya kafa sana'ar a 1623, yana haɗa jan ƙarfe kashi 80 da kuza kashi 20, irin kuzar da aka daɗe ana haƙa a Riruwai da Jos. Sojojin Daular Usmaniyya suka yi ta kaɗa shi, sojojin Turai suka kwaikwaya, ta nan ya biyo har ya iso gare mu. Wani reshe na zuriyar ya kafa kamfaninsa a Amurka a 1929. Ana bugun faifan da guduma, sannan a kankare shi a kan injin juyi, shi ya sa za ka ga siraran layuka sun kewaye shi. Amon yana cikin waɗannan layuka da tabon guduma da kaurin ƙarfen. Yashi kuwa ba ruwansa, su yake ci.

Makaɗan ƙasashen waje sun daɗe suna jayayya a kan wannan duhun da tagulla ke yi idan ta tsufa. Wasu na son ƙara mai kaifi, sai su goge. Da yawa kuma ba sa yarda a taɓa, domin a kunnensu duhun yana tausasa amo, kuma tsofaffin faifayen Istanbul masu tambari suna tsada ƙwarai a hannun masu nema. Ni dai ina tare da na biyun. Baƙin nan fata ce da iska da gumin hannu suka yi wa ƙarfen, tana ma kare abin da ke ƙarƙashinta. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne koren nan mai gari-gari, wanda laima da gishiri ke haifarwa, don shi cin ƙarfen yake yi har ya bar ramuka.

Gaskiya yawancin faifayen da ke makarantunmu masu araha ne, na jan ƙarfe da tutiya. Amma su ma akwai abin da ke kashe su, kuma a ƙauye ya fi yawa. Sojojin Ingila a Indiya sun taɓa lura kwanson harsashinsu na tsagewa da damina idan an ajiye shi a bargar dawaki, daga baya aka gano tururin fitsarin dawakin ne ke jawo haka. Mu kuma sitonmu ɗaya ne da buhunan takin zamani, ga kashin jemage daga rufi, wani lokacin har awaki na kwana a ciki.

Wanda ya tsinci tsohon faifai, ya fara da ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi, yana bin layukan a kewaye, kada ya gitta su. Inda kore ya kama, a shafa ruwan tsamiya ko na lemun tsami da aka sirka, a bar shi ƴan mintuna kaɗan, a ɗauraye da ruwa mai yawa, a tsane shi nan take. Kada a sa gishiri, kada a kusanto da ruwan batir. Injin gogen masu walda ma a bar shi, zafinsa na iya lalata ƙarfen. In akwai rubutun tawada a jiki, a kauce masa, tsami na ɗauke shi.

Kafin ɗan jari bola ya ɗora shi a sikeli, a kai shi rana a duba ko akwai tambari da aka buga a jikin ƙarfen. Na Ringim ɗin nan, jinjirin wata da tauraro kawai suka rage a jikinsa, sai wasu haruffan Larabci da ba sa karantuwa.