Ƙarfen saiti na ƙari a kan bindigar Lee-Enfield da batun asali

Ƙarfen saiti shi ne abin da mai harbi ke dubawa ta cikinsa ko ta kansa don ya daidaita bakin bindiga da abin da yake son samu. Guda biyu ne a bisa al'ada, ɗaya a gaba kusa da baki, ɗaya a baya wajen ido. Saitin ƙari kuwa shi ne wanda aka ɗora daga baya, ba wanda bindigar ta fito da shi daga masana'anta ba. A wajen gidajen tarihi da masu tara tsofaffin makamai, wannan ɗan ƙarfe yakan yanke hukunci kan darajar bindiga gaba ɗaya: ko ta asali ce, ko an taɓa ta, ko ma jabu ce. Babu inda batun ya fi fitowa fili kamar a kan Lee-Enfield, bindigar sojan Birtaniya mai cin harsashin .303, wadda aka fara rabawa a 1895 kuma ta yi yaƙin duniya biyu. Ita ce sojojin Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawa masu yawa, suka riƙe a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a yaƙin duniya na biyu, ƙarƙashin runduna ta 81 da ta 82.

Saitin masana'anta ma ba iri ɗaya ba ne

Kuskuren farko da sabon shiga ke yi shi ne ɗauka cewa akwai sura guda da za a kira ta asali. Samfurin Mk III na 1907 ya zo da saitin baya mai tsani a kan bututu, daga yadi 200 zuwa 2,000, da wata 'yar dabara ta gyara karkatar iska. A gefen hagu kuma akwai wani saiti daban na harbin taro, wanda ayarin soja ke amfani da shi su yi ruwan harsashi kan wuri mai nisan gaske. Da yaƙin duniya na farko ya yi zafi aka ga aikin ƙira na cin lokaci, sai aka fito da Mk III* wajen 1916, aka jefar da saitin taron da dabarar iskar. Don haka rashin saitin taro a kan Mk III* ba naƙasa ba ne. Wanda ya mayar mata da shi a yau, ko da kayan na ainihi ne, ya ƙara mata abin da ba ta taɓa samu ba.

Haka labarin yake ga No. 4, wadda ta shiga hannun sojoji a 1941. An mayar da saitin baya kusa da ido, aka yi shi da 'yar kafa da ake leƙawa. Na farko mai noti ne da ake murɗawa a hankali har yadi 1,300. Da buƙata ta yi yawa sai aka koma wa wani mai sauƙi da ake kifawa, fuska ɗaya yadi 300, ɗaya 600, daga baya kuma aka yi masu tsani na bugun faranti. Masana'antun Fazakerley da Maltby da BSA a Ingila, da Long Branch a Kanada, da Savage a Amurka duk sun ƙera ta. Bayan yaƙin duniya na biyu an mayar da dubbai ma'aikata don gyaran gaba ɗaya, ana buga musu haruffan FTR, kuma maƙeran soja sukan sa duk saitin da ke hannu in dai yana cikin waɗanda aka amince da su. Irin wannan canji na hukuma ne, yana cikin tarihin bindigar.

Kayan kasuwa da soja ya saya

A nan ne iyaka tsakanin na soja da na kasuwa ke dushewa. A 1915 maharban ɓoye na Jamus sun addabi ramukan yaƙi na sojojin Birtaniya, alhali Birtaniya ba ta da isassun madubin hange. Sai Ma'aikatar Yaƙi ta shiga kasuwa. Ta sayi wasu saituna masu gilasai biyu, ɗaya a bakin bindiga ɗaya wajen ido, masu suna Lattey da Neill da Martin da Gibbs, waɗanda tun asali 'yan gasar harbi aka yi wa irinsu. Ba su da ƙarfin kusantowa sosai, kuma laka kaɗan takan rufe su, amma sun cike giɓi. Daga baya aka samu madubin hange na sosai daga kamfanonin Aldis da Periscopic Prism, da Winchester A5 daga Amurka. Akasari ana ɗora su a karkace zuwa hagu don a bar hanyar ɗura harsasai ta sama, abin da maharban da yawa ba su ji daɗinsa ba.

Waɗannan duka kayan ƙari ne, amma ba wanda zai ce ba na tarihi ba ne. Matsalar ita ce bayan yaƙin an kwance mafi yawansu daga jikin bindigoginsu. Saboda haka idan aka ga Mk III ɗauke da Aldis a yau, abin tambaya shi ne yaushe suka haɗu.

No. 4 Mk I (T) da masu kwaikwayonta

Bindigar maharban ɓoye ta yaƙin duniya na biyu ita ce aka fi yi wa jabu, don tazarar kuɗi tsakaninta da No. 4 ta gama-gari babba ce. Ana zaɓo waɗanda suka fi daidai a gwajin masana'anta, a aika wa kamfanin Holland & Holland na Landan, wanda daga 1942 ya juya sama da 20,000. Sukan liƙa ƙarafa biyu a gefen hagu, su sassaƙe su daidai da layin bututu, su ɗora madubi No. 32 (wanda tun farko don Bren, wata bindiga mai sarrafa kanta, aka tsara shi), su ƙara katakon jingina kunci. Masana sukan nemi alamar TR da harafin T a jikin ƙarfe, da S51 a ƙarƙashin ƙota, da lambar madubi da aka buga a wuyan ƙotar. Sukan kuma duba saitin baya, domin ana goge babbar kafarsa don madubi ya sami wurin zama. Hatimi dai abu ne mai sauƙin sassaƙawa. Abin da ke tona asirin mai jabu galibi shi ne ingancin aikin liƙin, da surar haruffa, da yadda tsufa ya ci sassan: ƙarfen da ya shekara tamanin tare da ɗan'uwansa launinsu ɗaya yake komawa. Wasu daga cikin na ainihin an sake juya su zuwa L42A1 mai harsashin 7.62 daga 1970, har suka je yaƙin Fokland a 1982.

Saitin 'yan gasa

Ƙungiyar harbi ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1859, ta koma filin Bisley a 1890, kuma a can wata al'ada ta daban ta tsiro. An ware aji na bindiga yadda soja ke ba da ita, da wani aji da aka yarda a sa saiti mai ƙaramar kafa da notukan gyara sama da gefe. Kamfanin Parker-Hale na Birmingham ya yi suna a wannan fanni: 5A na Mk III, 5B na P14 (wata bindigar sojan Birtaniya ta daban), 5C na No. 4. A. J. Parker ya yi nasa, Ostireliya kuma ta yi Central. Kyawun waɗannan shi ne an tsara su su kama a wuraren notin da ke jikin bindiga tun asali, ba sai an huda ba.

Wasu masu tarawa kan kwance irin wannan saiti nan take don bindiga ta koma kamannin soja. Wannan gaggawa ce da ke jawo asara. Bindigar da ta yi shekara biyar a bariki sannan ta yi arba'in a hannun ɗan gasa, ɓangaren labarinta mafi tsawo yana cikin wannan Parker-Hale ɗin. In har za a cire shi, ya kamata a adana shi tare da ita, a rubuta abin da aka yi.

Huda da yanka

Ɓarnar da ba ta gyaruwa ta faru ne a shekarun 1950 da 1960, lokacin da aka yi gwanjon rarar makamai da araha, musamman zuwa Amurka kafin dokar 1968 ta tsayar da shigo da su. Mafarauta sun sayi Lee-Enfield, suka datse katako, suka goge kunnuwan saitin baya, suka huda ƙarfe don ɗora madubin zamani. Ba mugunta suka yi ba, kayan aiki mai arha suke nema. Amma ramin da aka huda ko an cike shi da walda tabonsa na nan, kuma mai saye yakan gane shi da zarar ya karkata ƙarfen a hasken rana. Shi ya sa a yanzu masu son harbi da tsohuwar bindiga, musamman waɗanda idonsu ya fara rauni, suke amfani da mariƙin madubi da ke zama a gurbin saitin baya, wanda za a iya kwancewa a mayar da na da cikin mintuna kaɗan.