Matsalar magana da harshe ga yara

Matsalar magana da harshe wani rukuni ne na larurori da ke hana yaro furta kalmomi daidai, ko fahimtar abin da aka faɗa masa, ko haɗa zance yadda sa'anninsa ke yi. Masana sun raba ta gida biyu. Akwai ta furuci, inda yaro ya san abin da zai ce amma fitowarsa ce wahala, kamar tsamin baki da i'ina, akwai kuma ta harshe, inda kalmomin ne kansu da yadda ake jera su suke ba shi wuya ko da bakinsa garau ne.

Yadda magana ke zuwa

Jariri yakan fara gwaranci wajen wata 6 zuwa 9, irin su ba-ba, da-da. Wajen shekara 1 kalmar farko ta fito, a shekara 2 yawancin yara suna da kalmomi kusan 50 kuma suna haɗa biyu, "Mama ruwa", "ba ni". In ya kai 4 ya kamata baƙo ma ya gane kusan duk abin da yake faɗa. Yara sun bambanta, wannan gaskiya ne, amma ɗan shekara 2 da ba ya cewa komai, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waigowa in an kira sunansa, wannan ba na a zauna ana cewa "ai babansa ma haka ya yi" ba ne.

Tsamin baki da i'ina

Ƙaramin yaro ya ce "yuwa" maimakon ruwa ko "taza" maimakon kaza ba komai ba ne, yawanci da kansa yake washewa, sai in ya shiga firamare har yanzu ba a gane shi toh sannan ya zama larura. Tsagewar leɓe ko ganɗa ma na sa magana ta riƙa fita ta hanci, ana gyarawa da tiyata, ƙungiyar Smile Train na ɗaukar nauyin aikin kyauta a asibitoci da dama a Najeriya.

I'ina takan fara tsakanin shekara 2 zuwa 6. Kusan kashi 5 cikin 100 na yara suna yin ta a wani lokaci, wajen uku cikin huɗu daga cikinsu ta barsu, shi ya sa a manya ta tsaya a kusan kashi 1, kuma maza ta fi kamawa. Tana bin jini, a 2010 masu bincike suka gano canji a ƙwayar halitta mai suna GNPTAB a wasu iyalai a Pakistan, an kuma yi irin binciken kan wani babban dangi a Kamaru. Ba tsoro ke kawo ta ba, ba kuma kwaikwayon mai i'ina ba kamar yadda ake faɗa, sai dai tsawa da dariya da ƙarasa wa yaro magana suna ƙara mata nauyi sosai.

Wadda ba a gani

Larurar harshe da likitoci ke kira DLD, sunan da masana suka daidaita a kai wajen 2017 a wani aiki da Farfesa Dorothy Bishop ta jami'ar Oxford ta jagoranta, tana shafar kusan kashi 7 cikin 100, kaga a aji mai yara 30 za a samu kamar 2 kenan, a ajinmu na gwamnati mai yara ɗari kuwa sai ka lissafa. Wallahi wannan ita ce ta fi ban tausayi don yaron yana ji, yana magana, ba wanda zai ce ba shi da lafiya, amma ka aike shi "je ɗaki ka ɗauko buta ka kai wa Baba sannan ka rufe ƙofa" sai ya je ɗakin ya tsaya yana kalle-kalle, ko ya dawo da buta ya manta sauran. In yana ba da labari ya kama nan ya saki can, "abin nan, abin nan" ya yi yawa. A makaranta karatu ya gagara, sai a ce daƙiƙi ne ko mai kunnen ƙashi, bulala ta biyo baya, alhali basirarsa lafiya lau, zancen ne ke masa yawa a lokaci guda.

Dalilai

Abu na farko da ake dubawa shine kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara miliyan 34 ne ke da raunin ji mai tsanani, kuma kusan kashi 60 na kurumtar yara ana iya kare ta. A ƙasar Hausa sanƙarau da ƙyanda da shawarar jarirai da ciwon kunne mai ruwa da aka bari ya daɗe duk suna kashe ji, haka wasu allurai irin su jentamaisin in an yi su barkatai. Sauran dalilan matsalar magana sun haɗa da galahanga, haihuwar bakwaini, doguwar naƙuda da ta taɓa ƙwaƙwalwa, da gado. Tashi da yare biyu, Hausa da Fulatanci ko Barbarci misali, ba ya jawo matsalar magana. Linzami da ake kai wa wanzami ya yanke ma ba shi ke hana yaro fara magana ba, kuma yankan na iya jawo zubar jini ko tsinkau-tsinkau.

Taimako

Ana fara gwajin ji a sashen kunne, hanci da maƙogwaro na manyan asibitoci, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Daga nan sai ƙwararren koyar da magana, duk da dai sun yi ƙaranci matuƙa a arewa. Ga i'inar ƙananan yara akwai shirin Lidcombe da aka ƙirƙiro a Ostareliya, iyaye ne ke yinsa a gida ƙwararre na duba su. A gida ana so uwa ta riƙa hira da yaro tana aiki, ya ce "mota" ta ce "eh, jar mota ta tafi", a rage masa waya, a ba shi umarni ɗaya-ɗaya. Wanda aka tabbatar kurma ne a fara masa maganar hannu da wuri, makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano suna karɓar irin waɗannan yara.