Ƙarfin fitila ba shi ne tsaro a hanya ba

An daɗe ana cewa gwargwadon ƙarfin fitilar motarka, gwargwadon amincinka da dare. Shi ya sa direba zai cire ƙwan da mota ta zo da shi, ya sa farin LED mai kashe ido, yana ganin ya yi dabara.

Ba haka abin yake ba. Gidan fitilar da aka ƙera don ƙwan halojin, wato irin ƙwan da motoci da yawa ke zuwa da shi, yana da madubi a ciki mai tattara haske ya zuba shi kan titi. Da ka cusa masa wani ƙwan daban, sai hasken ya watsu, ya haura sama, ya faɗa idon mai tahowa. Shi kuma idonsa sai ya ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya washe, na dattijo ma ya fi jimawa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa uku, mita 83 ke nan a makance, kuma kai yake nufowa. Wannan abu yana tayar min da hankali, musamman in na tuna mai keke ko amalanken da ke gefen hanya ba fitila.

A hazon hunturu kuwa, doguwar wuta ƙura take haskawa, hasken ya dawo maka. Gajeriya ta fi.

In an dalle ka, kada ka rama. Sassauta gudu, ka mai da ido gefen dama na titi har ya wuce.