Fita Ƙauye a Dawo Ran Nan: Tambayoyi da Amsoshi ga Mazauna Birnin Kano

Akwai yara da yawa a Kano da suka san hanyar Abuja da ta Kaduna, amma ba su taɓa ganin inda ake noman shinkafar da suke ci kullum ba, alhali tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Wannan ya dame ni, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi game da fita garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da birni, a je da safe a dawo da yamma.

Ina ya kamata mutum ya fara zuwa?

Kura. Tana kan hanyar Zariya, kusan kilomita 30 daga birni, kuma a wuni ɗaya za ka ga abubuwa biyu da suka gina arzikin ƙasar Kano: rini da noma. Daga Kura ne rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura ya samo sunansa, wanda Buzaye suka daɗe suna saye suna kaiwa har cikin Sahara. Sana'ar ta ja baya ƙwarai idan aka kwatanta da zamanin da, amma in ka yi tambaya za a nuna maka marina da masu bugu. Sai kuma gonakin rani. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ne ke biyowa ta manyan hanyoyin ruwa ya shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, aikin da jama'a suka fi sani da sunan Kadawa. Ka tsaya a bakin ɗaya daga cikin hanyoyin ruwan a watan Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe ƙurmus, ka ga kore iya ganinka: alkama, albasa, tumatir. In ka ƙara gaba kaɗan za ka iske Kwanar Gafan, inda ake loda kwandunan tumatir a manyan motoci zuwa Kudu. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai sake ɗauka cewa tumatir daga kasuwar 'Yankaba yake tsirowa ba.

Wace rana ce ta fi dacewa?

A nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. Suna zaɓar gari, sannan su zaɓi ranar da suke da hutu. A ƙasar Hausa ranar kasuwa ce ke zaɓa maka gari. Garin da ka shiga ranar Talata ka tarar shiru, rumfuna wayam, awaki na kwance a inuwa, shi ne ranar da kasuwarsa ke ci ba za ka samu wurin ajiye ƙafa ba. Wudil ranar Juma'a take ci, kuma kararta na cikin manyan wuraren cinikin shanu a Arewa. Dambatta ranar Lahadi. Maigatari da ke Jigawa, a bakin iyakar Nijar, ranar Alhamis, kuma can ne za ka ga raƙuma da shanu da tumakin da aka koro daga tsallaken iyaka, sai dai tafiyar da nisa, dole a bar gida da an idar da sallar asuba. Dawanau kuwa, da ke kan hanyar Katsina daf da birni, kullum a buɗe take, kuma ko awa biyu ka yi kana zagaya layin gero da wake da riɗi da zoɓo, za ka fahimci dalilin da ya sa fatake daga Nijar da Chadi ba sa rabuwa da ita.

A ganina ranar kasuwa ta fi kowace rana daɗi ga baƙo saboda wani dalili kuma: ranar ce ƙauyukan kewaye duka ke hallara wuri ɗaya. Maƙeri ya baza laujensa da fartanyarsa, Fulani mata sun jera ƙoren nono, mai tukwane ya kasa, wanzami na aiki a gindin bishiya, dillalai na tafa hannu a kara. Ba wanda zai tsaya kallonka, kowa na cikin sha'aninsa.

In tarihi nake so fa?

Daura ce ta farko, ta hanyar Kazaure, tafiyar kimanin awa biyu. Rijiyar Kusugu na nan an kewaye ta da gini, ita ce wadda labarin Bayajida ya ce maciji na hana ɗibar ruwanta sai ranar Juma'a. Fadar sarki ba ta da nisa da ita. Wanda ya daidaita tafiyarsa da Sallar Gani a watan Mauludi zai ga hawan da ba ya mantuwa. Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ta fi kusa, kuma duwatsun da suka kewaye ta sun isa a je dominsu. Ana iya haɗa ta da Tiga a wuni ɗaya.

Amma wurin da nake ganin an fi zalunta da rashin ziyara shi ne Birnin Kudu. A jikin duwatsunta, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu wanda mutanen da suka zauna wurin tun zamani mai nisa suka yi, har da shanu marasa tozo, irin da ba shi muke kiwo yanzu ba. Wurin yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ɗalibai nawa ne a makarantun Kano aka taɓa kaiwa? Ana karantar da su zanen kogunan dutse na wasu ƙasashe a littafi, ga namu a kan hanyar da motocin Bauchi da Maiduguri ke bi kullum.

Wane lokaci na shekara?

Kaka, wato Oktoba zuwa Nuwamba. Zafi ya sauka, hanya ta bushe, an yi girbi, dammunan gero na jingine, rake da gyaɗa da dankali sun yi araha, mutane kuma na da sukunin hira. Damina ta fi kyan gani, amma hanyoyin burji na caɓewa, manomi kuma yana gona tun safe ba shi da lokacinka. Bazara a bar ta, musamman da ƙananan yara.

Sai da motar kai?

A'a. Manyan garuruwan duk akwai motar haya: ta hanyar Zariya ana samu a Na'ibawa, ta Wudil a Mariri, ta Daura a Ƙofar Ruwa, ta Gumel da Haɗeja a 'Yankaba. Daga bakin titi zuwa cikin ƙauye kuma babur ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya yi tsada, don haka iyalai biyu ko abokai su haɗa kuɗi su yi shatar mota ɗaya ya fi sauƙi. A riƙe tsabar kuɗi, har da canji. Masu POS sun cika garuruwa, amma tsohuwar da ke sayar da daddawa a gefen kasuwa ba ruwanta da tiransifa, kuma sabis yakan ɗauke.

Ya batun tsaro?

Ba abin wasa ba ne. Wasu yankunan da ke iyaka da Jihar Katsina ta yamma sun fuskanci hare-haren 'yan bindiga, dajin Falgore ma ba wurin da za a shiga kai tsaye ba ne ba tare da jami'ansa ba. Kafin ka tashi ka kira ɗan garin, ko ka tambayi direbobin tasha, su ne ke bin hanyar kullum. Ka faɗa wa na gida inda za ka, kuma ka lissafa tafiyarka yadda magariba za ta same ka a cikin birni ko bakinsa.

Haɗarin da aka fi rainawa shi ne ruwa. Hanyoyin ruwan noman rani suna da zurfi da ƙarfin gudu fiye da yadda ido ke nunawa, kuma wanka a ruwan da ke kwance na jawo tsargiya. Kwale-kwale kuma kada a shiga wanda aka cika maƙil. Kano ba ta manta da hatsarin Bagwai na ƙarshen 2021 ba, wanda ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya da dama.

Yaya ya kamata baƙo ya kama kansa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi sauran nauyi a wurina. Ƙauye gidan mutane ne, ba wurin kallo ba. In ka sauka a ƙaramin gari, fara da dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci ko gindin bishiya. Yi sallama, ka rage tsawo, ka gaisa a tsanake: "Baba, ina wuni? Ina gajiya? Yaya amfanin gona?" Ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. Galibi su da kansu za su haɗa ka da yaro ya kai ka wurin mai unguwa ko dagaci, kuma daga nan ƙofofi sun buɗe. Namiji ya tsaya a zaure sai an ce ya shiga; mata ne ke wucewa cikin gida. Kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar mutane hoto ba izini, balle matan aure da 'yan mata masu talla, balle kuma a ɗora a Facebook ko TikTok ana dariyar shigarsu ko maganarsu. Wannan ɗabi'a ta yi yawa yanzu, kuma tana ɓata wa baƙin da za su zo bayanka. Kada a ratsa gona, kada yara su tsinki abin da ba a ba su ba. In an kawo maka ruwa ko fura, karɓi ko kurɓi ɗaya ne ka yi godiya.

Me zan kai, me zan sayo?

Goro ga dattawa, sabulu ko sukari ga matan gidan da suka karɓe ka, alewa ga yara amma ta hannun babba. Watsa kuɗi ga yara a titi yana koya musu bin mota da roƙo, a guje shi. Abin sayowa kuwa ya danganta da gari: shinkafa a Kura, soyayyen kifi a bakin gadar Wudil, tukunya da tulu a Dawakin Tofa, saƙi a Minjibir, dabino a Dutse, man shanu da zuma duk inda ka samu amintacce. Ciniki halal ne, amma ka duba da wa kake yi. Tabarmar da mace ta kwashe kwanaki tana saƙawa, in ta faɗi kuɗin da ka san ko rabin na birni bai kai ba, biya ta yadda ta faɗa, ka kuma tambaye ta ko akwai wata.