Maƙalarka ta daɗe hannun edita? Ga abin da ke faruwa can ciki

Jiya bayan la'asar wani ƙanena da ke digiri na biyu nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya iske ni ranshi ɓace, wai wata huɗu ke nan da ya tura maƙala ga wata mujalla shiru kake ji, alhali abokinshi ya biya kuɗi wata mujallar intanet kwana biyar kacal anka buga tashi. Na ce mashi zauna ƙane, kai ne bisa hanya, abokinka ne abin tausai.

In ka tura maƙala, edita shi ne na farko da zai duba, in ya ga ba ta dace da mujallar ba nan take zai maido maka. In ta wuce nan sai ya nemo masana fannin, galibi biyu ko uku, su karanta su rubuto rahoto. Wasu mujallu suna ɓoye sunan mai dubawa kawai, wasu suna ɓoye har naka don kada a ga sunan furofesa a ji kunya ko a ga sunan ɗalibi a raina, wasu kuma kowa ya san kowa. Masu dubawa shawara suke bayarwa, hukunci na edita ne: a karɓa, a yi ƙananan gyare-gyare, a yi manya, ko a ƙi. Kuma mafi yawan masanan nan ba biyansu ake ba, cikin koyarwa da makin jarabawa suke ɓata lokacinsu, shi ya sa ake daɗewa.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne amanar da ke wuyan mai dubawa. Akwai wata ƙungiya COPE da anka kafa a Ingila a 1997, ita ke fitar da ƙa'idojin da manyan mujallu ke bi. In kai ne mai dubawa, maƙalar da anka ba ka sirri ce. Ba ka nuna ma abokin aiki a ofis, ba ka miƙa ma ɗalibinka ya duba maka kai ka sa hannu ba tare da edita ya sani ba, ba ka kuma ɗauki tunanin mutum ka riga shi bugawa, wanga kam sata ce wallahi ko da wane suna anka kira ta. Yanzu ma kamfanonin buga mujallu irin Elsevier sun hana a loda maƙalar a ChatGPT da ire-irenshi, don sirrin ya fita hannunka ke nan. In ka gane marubucin ɗalibinka ne, ko surukinka, ko wanda kuke takun saƙa kan kujerar shugaban sashe, ka faɗa ma edita ka janye. Mu nan da kowa ya san kowa a fanni guda, wannan ta fi kowace wuya. In ba fanninka ba ne ka ce ba ka iyawa, ba abin kunya ba ne. Kuma kada ka tilasta ma marubuci ya ambaci ayyukanka don ƙirgen sau nawa anka ambace ka ya ƙaru.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ke da matsala. A 2017 kamfanin buga mujallu na Springer ya janye maƙala 107 daga mujallar Tumor Biology saboda an ba da sunayen masana na gaske a matsayin masu dubawa amma da adireshin imel na bogi, rahoton yabo ya riƙa dawowa daga hannun waɗanda sunka shirya abin. A 2013 kuma wani ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiro maƙalar ƙarya cike da kurakurai ya tura ma mujallu 304, guda 157 sunka karɓa. Irin waɗannan ne masu bugawa cikin kwana biyar.

Kai ma marubuci akwai naka: ba a tura maƙala ɗaya mujallu biyu lokaci guda, kuma ba a saka sunan wanda bai yi komi ba don kawai shi babba ne.

Na ce ma ƙanen nawa ya rubuta ma edita imel cikin ladabi, ya sa lambar maƙalar, ya tambayi inda anka kwana. In ya gaji da jira yana da damar janyewa, amma sai mujallar ta tabbatar mashi a rubuce kafin ya kai ta wani wuri.